Yadda A Ke Zaɓen Anod a Manyan Masana'antu

Duk wanda ya yi karatun kimiyya ya san zanen nan da a kan yi a allo. Ga kwano cike da ruwan gishiri, ga sanduna biyu tsome a ciki, ga waya ta haɗa su da batir. Malam ya rubuta anod jikin guda, katod jikin guda, ya ce sandunan na gawayi ne ko na filatinam, sa'an nan ya wuce zuwa lissafi. Yaro sai ya ɗauka sandar ba ta da wani aiki sai kai wuta cikin ruwa, kamar yadda mazurari ke kai mai cikin kwalba. A aji wannan ba ya ɓata kome. Amma a masana'anta, inda a ke tura amfiya dubu ɗari ko fiye cikin kwano guda dare da rana, abin da aka yi anod da shi ya kan zama shi ne tsakanin riba da faɗuwa. Tun da ya ke da yawa cikinku gobe ku ne masu yin wannan zane a allo, ya kamata ku san abin da ke bayansa.

Sunayen nan biyu Michael Faraday na Ingila ya shigo da su a 1834, da shawarar wani malami na Kambirij, William Whewell. Anod ita ce sandar da ke zare ƙwayoyin lantarki, watau elektaron, daga abin da ke kusa da ita. Katod kuwa ita ke bayarwa. To, ƙarfe in ya rasa elektaron ɗinsa, narkewa ya ke yi ko ya yi tsatsa. Saboda haka katod wurin zaman lafiya ne, baƙin ƙarfe ma ya kan yi shekaru a can. Anod ce wurin wahala. Wuta ba ta san wanda ka aike ta gare shi ba. Duk abin da ya fi saurin sakin elektaron shi za ta kama, sau da yawa kuwa wannan abin ita sandar ce da kanta.

Gani ya kori ji. Ku sami kofin gilas da ruwan gishiri da batirin tocila uku ko huɗu a jere. Ku fara tsoma wayar tagulla biyu, watau jan ƙarfen nan na cikin wayar lantarki. Ba da daɗewa ba za ku ga ruwan ya gurɓace, wayar da ke anod tana ramewa, 'yar'uwarta kuwa tana ta kumfa ba abin da ya taɓa ta. Sa'an nan ku sake ruwa, ku sa sandar gawayi ta cikin tsohon batir maimakon wayar. Yanzu kumfa zai fito a anod, da wari irin na maganin nan mai cire tabo a tufafi. Iskar kilorin ke nan, don haka a yi a bakin taga, kada a daɗe, kada kuma a bar yara su kai hanci. Ruwa ɗaya, wuta ɗaya, amma da aka sake sanda sai abin da aka samu ya sake.

Daga nan za ku gane tambayar farko da injiniya ke yi wa kansa: so na ke a ci sandar, ko kuwa so na ke ta tsaya?

Akwai ayyukan da cin shi ne abin nema. Wajen tace tagulla, a kan zuba tagullar da ba ta gama tsarkaka ba ta zama faffaɗan allo, a rataya ta a matsayin anod cikin ruwa mai asid. Wuta ta narkar da ita sannu sannu, tagullar ta ƙetare ta manne a katod da tsarkin da ya kai kashi 99.99 cikin ɗari. Zinariya da azurfar da ke ɓoye ciki ba sa narkewa, sai su zube ƙasan kwanon kamar laka, a kwashe a sayar. James Elkington ya yi rajistar wannan dabara a 1865, aka kafa ma'aikatarta ta farko a Pembrey ta ƙasar Wales a 1869. A nan ba a wahalar zaɓe, kayan aikin shi ne anod.

Haka kuma wajen tsare ƙarfe daga tsatsa. A 1824 Humphry Davy, maigidan Faraday, ya ga ruwan teku na cin tagullar da a ke lulluɓe gindin jiragen yaƙin Ingila da ita. Sai ya manna mata guntayen baƙin ƙarfe ko na tutiya, watau ƙarfen nan da a ke shafa wa kwanon rufi. Guntayen suka zama anod, ruwa ya koma cin su, tagulla ta tsira. Ashe 'yar narkewar nan da tagulla ke yi ita ce gubar da ke hana ciyawar teku da ƙananan halittu maƙalewa. Da ta daina narkewa sai suka yi dafifi a gindin jiragen har gudu ya ragu, hukumar jiragen ta sa aka ciccire guntayen. Dabarar dai ba ta mutu ba. Har yau a kan ɗaura dunƙulen tutiya ko na alminiyam a jikin jirgin ruwa, a binne na magnesiyam kusa da bututun mai, a bar su su mutu a madadin abin da ya fi su tsada.

Inda wuyar ta ke shi ne in ana son sandar ta tsaya. Babu aikin da ya nuna wannan kamar yin kilorin daga ruwan gishiri. Daga wannan aiki a ke samun kilorin na tsabtace ruwan famfo da yin bututun roba, a ke kuma samun sodar nan da mata ke haɗa sabulu da ita. Kilorin mai danshi da zafi kuwa kusan ba ƙarfen da ba ya ci. Filatinam na jurewa, amma wa zai iya shimfiɗa filatinam a ma'aikata guda? A Jamus an yi ta amfani da wani baƙin tama mai suna magnetait, sai dai yana da saurin fashewa, wuta kuma ba ta ratsa shi da sauƙi. Da Edward Acheson na Amurka ya gano hanyar ƙera girafait a tanderun lantarki wajen 1896, sai kowa ya koma kansa. Girafait wani nau'in gawayi ne, shi ne baƙin da ke cikin fensir. Yana da araha, wuta na bin sa, ana kuma iya yanka shi yadda a ke so. Shekara wajen saba'in shi ke riƙe da wannan aiki.

Amma araha ba ta ado. Tare da kilorin, 'yar iskar oksijin ta kan fito a anod, ita kuwa ƙone girafait ta ke yi a hankali, wani kuma ya marmashe ya faɗa cikin ruwan. Kowane tan na kilorin ya kan tafi da girafait kamar kilo 2 ko fiye. Kuɗin girafait ɗin ba shi ne babbar hasara ba. Sa'ad da sandar ke ramewa, ratar da ke tsakaninta da katod sai ta yi ta faɗi, wuta kuma sai an ƙara mata ƙarfi kafin ta ƙetare. Ga kumfar iska da ke maƙalewa ƙarƙashin sandar tana tare hanya. Ga shi kuma girafait ba ya sakin kilorin da son rai, sai an ƙara ɗan ƙarfin wuta bisa abin da lissafi ya nuna. Wannan ƙari duk zafi ya ke zama, ba ya haifar da kome.

Bari mu sa lissafi, don a nan ne maganar ta ke. Bisa dokar Faraday, tan ɗaya na kilorin na bukatar amfiya 756,000 na tsawon awa guda, in ba a yi hasarar kome ba. Wannan adadi ba wanda ya isa ya rage shi. Abin da a ke iya ragewa shi ne bolt. Kowane kashi ɗaya bisa goma na bolt, in ka ninka shi da wancan adadi, ya zama yunit 76 na wuta, irin yunit ɗin da mitar gida ke ƙirgawa. A ce ma'aikata na yin tan 100,000 a shekara. Wannan ɗan guntun bolt, wanda bai kai kashi ɗaya bisa goma na ƙarfin batirin tocila ba, ya ci yunit miliyan 7.6 ke nan. Wanda ya san abin da gidansu ke biya a wata ya iya auna sauran.

Maganin ya fito ne daga wani ƙarfe mai wata irin ɗabi'a, titaniyam. In ka sa shi tsirara a anod, nan da nan zai yi wa kansa wata siririyar fata ta tsatsa mai ƙarfi, wadda kilorin ba ya iya huda ta. Abin takaici, wuta ma ba ta iya wucewa ta cikinta zuwa ruwa. Watau ya tsira, amma ya ƙi aiki. A shekarun 1950 aka gwada shafa masa filatinam sama sama, ya yi aiki, sai dai shafen na da tsada, yana kuma ƙarewa. Sai wani masani haifaffen Holan, Henri Beer, ya yi rajistar wata dabara a 1965 da 1967. Maimakon ƙarfe mai daraja, sai ya yi amfani da tsatsarsa. A kan shafa wa titaniyam ruwan gishirin ruteniyam da na titaniyam kamar fenti, a gasa a tanderu, a sake shafawa a sake gasawa, har a sami ɓawo wanda bai kai kaurin gashin kai ba. Hikimar a fili ta ke in an lura. Abin da ya riga ya yi tsatsa ba shi da sauran tsatsar da zai yi cikin sauƙi, tsatsar ruteniyam kuwa, ba kamar sauran ba, wuta na bin ta kusan kamar ƙarfe, tana kuma sakin kilorin ba gardama. In ɓawon ya ɓare a wani wuri, titaniyam da ke ƙasa sai ya rufe kansa da fatarsa, cin ya tsaya nan.

Kamfanin De Nora na Milan a Italiya ya kai wannan sanda kasuwa a ƙarshen shekarun 1960 da sunan DSA, ma'anarsa sandar da siffarta ba ta sakewa. Tun da ba ta ramewa, ana iya matso da ita dab da katod a bar ta nan. Ana iya saƙa ta kamar raga, kumfa ya bi ta ramukan ya fice. Ta kan yi shekaru, in shafen ya ƙare a wanke a sake, gindin titaniyam na nan. Cikin shekaru kaɗan girafait ya fita daga yawancin manyan ma'aikatun kilorin na duniya. A ganina, cikin duk abin da aka ƙirƙiro a wannan fanni a ƙarni na ashirin, da wuya a sami wanda ya kai wannan siririn shafe amfani, ga shi kuwa littattafan makaranta ba su cika ambatonsa ba.

Mai karatu zai ce, to, ai magana ta ƙare, a sa titaniyam ko'ina mana. Ina! Tsatsar ruteniyam da ke shekaru cikin ruwan gishiri, in ka kai ta inda oksijin ke fita cikin asid, narkewa ta ke yi. A can sai a koma ga tsatsar iridiyam gauraye da ta tantalam. In kuma akwai ɗan fuloraid cikin ruwan, ko kaɗan ne, ya kan cinye fatar da titaniyam ke taƙama da ita.

Shi ya sa har yanzu tsohuwar dalma ke riƙe da wurinta a ma'aikatun da ke cire tutiya da tagulla daga ruwan ma'adini, irin waɗanda ke Cile da Zambiya. Ruwan da a ke aiki da shi a can asid ne irin na batirin mota. Dalma in ta zama anod a cikinsa sai ta yi ɓawo mai launin ƙasa-ƙasa, irin wanda ke jikin farantin batirin mota, ɓawon kuwa wuta na bin sa, yana kuma tsare abin da ke ƙasa. Ba wai ta fi kyau ba ne. Tana cin wuta fiye da kima kafin ta saki oksijin, ɓawonta na ɓarewa ya ƙazantar da ƙarfen da a ke tarawa a katod, ga ta da guba ga ma'aikaci. Don rage wannan a kan gauraya ta da azurfa, kamar rabin kashi zuwa kashi ɗaya cikin ɗari, in tutiya a ke nema. In tagulla ce sai a sa kalsiyam da kuza. Abin da ya riƙe ta shi ne araha, da haƙuri da ƙazamin ruwa, da kuma cewa in ta tsufa ana narkar da ita a sake zubi. Ma'aikata mai allunan anod dubbai ba ta sake su don an ce wani abu ya fi, sai lissafin kuɗin wuta ya rinjayi na saye.

Yanzu sai mu zo kan alminiyam, ƙarfen tukwanenmu, wanda al'amarinsa ya fi duka ban mamaki. Samari biyu suka gano hanyar yinsa a shekara guda, 1886, ba wanda ya san da wani: Charles Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa. An haife su a 1863, suka kuma rasu a 1914, dukansu biyu. A nan babu ruwa ko ɗigo. Wani farin gari a ke samu daga ma'adinin boksait, sunansa alumina, watau alminiyam ɗaure da oksijin. A kan narkar da shi cikin wani gishiri mai suna kiriyolait a zafin digiri wajen 960, a tura wuta. Alminiyam ya kwanta a ƙasan tukunya, oksijin ya nufi anod. To, wace sanda ce za ta zauna cikin narkakken gishiri mai wannan zafi, oksijin na fita a jikinta? Titaniyam ba ya ko kusa. Sai aka haƙura da tsayawa, aka sa gawayi aka bar shi ya ci wuta.

Ba gawayin itace ba ne. Ƙanzon da ke saura a matatar man fetur a ke gasawa a niƙa, a kwaɓa da kwalta, a danne ya zama dunƙule wanda ya kan kai tan guda ko fiye, a gasa shi a zafin da ya wuce digiri 1,000. Oksijin na fitowa sai ya kama gawayin, su tashi tare a matsayin iskar kabon dayoksaid. A lissafi, tan ɗaya na alminiyam na cin kilo 333 na gawayi. A aikace ya kan wuce 400, don iska na ƙone saman dunƙulen, wani kuma ya marmashe. Bayan kamar mako huɗu sai a cire guntun da ya saura a sa sabo. Saboda haka manyan ma'aikatun alminiyam da yawa suna da wata ma'aikata a gefe wadda ba ta yin kome sai anod. Ana kuma tsananta bincike kan ƙanzon da za a saya, don baƙin ƙarfe ko banadiyam da ke cikinsa a cikin alminiyam za su ƙare, kibiritu kuwa ya bi hayaƙi.

Wannan ba labarin nesa ba ne. An buɗe irin wannan ma'aikata a Edea ta Kamaru a 1957, da wutar kogin Sanaga. Ta Tema a Gana ta fara a 1967, da wutar madatsar Akosombo. Tamu ta Ikot Abasi a Jihar Akwa Ibom ta fara zubi a 1997. Kowacce an kafa ta ne inda a ke sa ran wuta mai araha, don tan ɗaya na alminiyam na shan yunit 13,000 zuwa 15,000.

Akwai wani abu da ba kowa ya sani ba. Gawayin nan da ke ƙonewa ba hasara ce zalla ba, yana taya wuta aiki. Raba alumina da sandar gawayi na bukatar bolt 1.2 a lissafi. Da sandar da ba ta ƙonewa kuwa sai wajen 2.2. Watau ƙunar gawayin ta biya bolt guda. Tan ɗaya na alminiyam na bukatar amfiya kusan miliyan 3 na tsawon awa, don haka bolt gudan nan ya kusa yunit 3,000. Wanda duk zai kawo sabuwar sanda sai ya nemo inda zai fanshe wannan, misali ta matso da sandunan kusa da juna, tun da ba za su rame ba.

Duk da haka ana nema ruwa a jallo, ga dalili. Kilo 400 na gawayi in ya ƙone ya kan zama kusan tan ɗaya da rabi na kabon dayoksaid, iskar da ke ɗumama duniya. A 2023 an yi sabon alminiyam wajen tan miliyan 70 a duniya, ku yi lissafin da kanku. Da za a sami sandar da ba ta ci, oksijin tsantsa ne zai riƙa fita daga tukunyar. Tun zamanin Hall a ke wannan nema. An gwada tsatsar kuza, an gwada garwayen nikel da baƙin ƙarfe da tagulla, an gwada wani abu tsakanin ƙarfe da tangaran. Matsalar ita ce duk ƙarfen da zai tsira a anod da ɓawon tsatsa ya ke tsira, shi kuwa kiriyolait an zaɓe shi ne musamman don gwanin narkar da tsatsa ne, alumina kanta ai tsatsar alminiyam ce. Ka ajiye kura tsaron akuya ke nan. Ɗan abin da ya narke daga sandar kuma cikin alminiyam zai sauka ya ɓata shi. A 2018 kamfanonin Alcoa da Rio Tinto suka haɗa hannu suka kafa Elysis a Kanada don wannan aiki, a ƙarshen 2019 kuma kamfanin Apple ya sayi kashin farko na ƙarfen da aka yi ta wannan hanya. Amma kusan dukan alminiyam da ke kasuwar duniya da sandar gawayi aka yi shi.

Sabon wurin da wannan tsohuwar tambaya ta ɓullo shi ne raba ruwa don samun iskar haidirojin, wadda ƙasashe da yawa ke so ta zama makamashi. Akwai wani irin kwano ƙarami mai saurin aiki wanda cikinsa asid ne, anod ɗinsa kuwa ba abin da aka samu mai jurewa sosai sai tsatsar iridiyam. Iridiyam na cikin ƙarafan da suka fi ƙaranci a bayan ƙasa. Ba a haƙarsa shi kaɗai, a gefen filatinam a ke samunsa, yawanci a Afirka ta Kudu, abin da duniya duka ke fitarwa a shekara kuwa bai kai tan 10 ba, alhali zinariya ta haura tan 3,000. Don haka masana ke ta ƙoƙarin rage kaurin shafen. Wasu kuma suka bar asid ɗin ɗungum suka koma tsohuwar hanya, inda a ke zuba ruwa mai kaifi irin na soda. A cikin wannan ruwa nikel, wanda a ke haƙowa da miliyoyin tan, ya kan zauna a anod shekara da shekaru, sai dai kwanon ya fi girma, ya kuma fi cin wuri.